Kifin Bokiti

Duk wanda ya ce maka hanci yana sabawa da wari, ka tambaye shi wane irin wari ya taɓa shaƙa. Ni dai nawa hancin bai saba ba. Tun ranar da aka sauke katafilata daga kan tirela a bakin fadamar bayan gari, ban ƙara kai loma baki na ji daɗinta ba. Fadama ma dai suna ne ya rage mata. A da can ita ce, da ruwa garau da kifi da kwalekwale. Yanzu kuwa masai ce ta gari guda. Bututun bayan gida na unguwanni a nan suke amayarwa, mayanka tana turo jini da kashin tumbi, 'yan gareji suna turo baƙin mai, majema suna turo nasu ruwan mai cin fata, sannan kowane gida ya ƙulle sharar da ya tara a leda ya wurgo. Da damina ta zo ruwa ya rasa hanya, sai ya mayar wa kowa da kayansa har tsakar ɗaki. Shi ne aka ce a kawo mu mu yashe.

Katafilar tawa ba irin wadda aka saba gani a aikin titi ba ce. Daga sama duk ɗaya ne, ɗakin direba, inji, dogon hannu da bokiti. A ƙasa bambancin yake. A kan tankoki biyu take zaune, dogaye masu faɗi, a rufe ruf, babu komai cikinsu sai iska, sarƙa kuma ta zagaye kowanne. Faɗin nan shi ke raba nauyinta, shi ya sa take takawa a kan taɓon da zai haɗiye mutum har cinya, ita ko a jikinta. In ruwa ya yi zurfi sai tankokin su ɗaga ta, sarƙar tana tura ruwa a hankali, wani lokaci kuma in kafa bokiti a gaba in jawo kaina. In zan yi tono a inda take iyo sai na fara sauke turakunta, dogayen sandunan ƙarfe biyu da suke kafewa a ƙasa. In ba haka ba, ina ɗago cikakken bokiti na juya gefe za ta karkata ta nemi kwanciya da ni.

Ranar farko mutane sun cika bakin ruwa kamar ana rabon wani abu. Da na gangara da ita cikin taɓo wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati, wai yaron mutane zai halaka. Da suka ga ta ɗago tana lilo a kan ruwa sai aka kaure da shewa, nan take aka raɗa mata suna Agwagwa. Su abin kallo suka samu. Ni kuwa ina ciki, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun kafin a ba ni motar. In na rufe gilashi in dahu, in na buɗe in sha. Kuma taɓon da ya shekara da shekaru a kwance, ranar da ka taɓa shi ranar yake sakin abin da ya ɓoye. Haƙoran bokiti suna shiga sai ka ga ruwan ya hau ɓulɓula, wani ɗoyi ya taso mai ɗumi, ka ji shi a harshe kafin ka ji shi a hanci.

Abin da na kasa fahimtar da kowa shi ne wannan: ni kaɗai nake ganin cikin bokiti. Daga inda nake zaune, in na ɗago shi ruwa yana tsiyaya ta hujojin gindinsa, komai a fili yake gabana. Kunzugun yara da suka kumbura, katifa, allurai, mushen kaji, hanji da ba ka san na wace dabba ba ne. Ina juyewa a tudu baƙar laka ta lulluɓe duka, na ƙasa ba su ganin komai sai tarin baƙi.

Sai kuma kifin. Tarwaɗa ce, manya, ƙosassu, suna sheƙi. Komai ya mutu a ruwan nan ban da su, su kam ƙiba ma suke yi, kuma na san abin da ya sa su ƙiba. Ranar da na juye bokiti wasu suka faɗo suna wutsil-wutsil, kafin in janye hannun motar mutane sun auka cikin lakar har gwiwa, ana kokawa, ana zage-zage, wani ya cusa kifi a cikin riga. Na danna oda har yatsana ya gaji, ko ɗago kai babu wanda ya yi. Washegari da bokitai da buhuna suka zo. Na je na sami manajan aikin na ce a kore su. Ya toshe hanci da hankici ya ce shi dai laka ta fita daga ruwa, wanda ya ga dama ya ci ta ma.

Duk da haka da sauƙi, don ban san kowa a cikinsu ba. Sai wata safiya ina tsugune a kan tanki, na buɗe murfi ina leƙawa ko ruwa ya shiga, don haka ake yi kullum kafin a tada inji, na ji an ce, "Jatau!"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana da wannan suna. Na ɗaga kai na ga Kawu a bakin ruwa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, da tsohon daro a hammata.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ina rarrafe mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta bi shi ba da jimawa ba, shi ya ɗauke ni. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa ma ta riga mu gidan gaskiya, don haka ni ne ɗansa, shi ne uwata shi ne ubana, ban da shi ba ni da wani dangi da zan nuna in ce nawa ne. Masunci ne, a fadamar nan ya yi ƙuruciyarsa ya yi girmansa. Da ruwa ya lalace masunta suka watse, shi ya ƙi zuwa ko'ina ya ƙi koyon komai. Kwalekwalensa yana nan a tsakar gida ya ruɓe, kaji suna ƙwai a ciki. Shekarun nan duk a kan tabarma ya yi su, yana kallon bango, abin da na kai masa ya karɓa ba tare da ya kalle ni ba.

Na sauko na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a tsaitsaye, idonsa yana kan ruwa.

"Ka ga kututturen can?" ya ce. "Nan ne wurina. In ka ɗebo ka juye min a nan. A hankali, ban da jifa, kar ka farfasa musu kai."

"Kawu, kifin nan ba na ci ba ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Ina ganin abin da suke kwance a ciki."

Ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita. "Kai da na koya wa riƙe fatsa yau kake karanta min kifi? Tarwaɗa a laka take tun da Allah ya yi ta. A wanke da toka da gishiri, a ɗora a wuta. Wuta ba ta barin komai. Hau abinka, rana tana yi."

Na hau. Me zan ce? Direba shi ke da ikon inda zai juye bokiti, muddin hannun motar ya kai. Na ɗebo na juyo da ita sannu, na sauke bokitin dab da ƙasa a gindin kututturen, na buɗe shi kaɗan-kaɗan lakar tana malala. Kawu ya sa hannu yana tsamo su ta bayan ƙaya, gwanin gaske, sauran mutane suna gefe suna haɗiyar yawu. Wani ya ce, "Lallai Baba, kai ka haifi ɗa." Na ga Kawu ya miƙe ya gyara tsayuwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, mutumin warkewa ya yi. Ya samo rabin ganga da waya ya kafa a tsakar gida yana ƙyafe kifi, mata masu talla suna zuwa suna ɗiba su kai kasuwa. Ya aske, ya wanke rigunansa, ya koma fita zaure ana hira da shi. Har gidana ya zo da ƙafarsa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ɗauki 'yata Ummi yana cilla ta sama yana cewa, "Ina amaryata? Ko kin yi sabon miji ne kin manta da tsoho?" Ita kuma tana ja masa gemu tana cewa ba ta son mai furfura. Ina kallonsu ina murmushin dole, don ƙaurin kifin yana jikin rigarsa.

Ni a gidana na hana kifi shiga, kowane iri ne, don ban san ta inda na bokitina yake bi ba. Matata ba ta yi musu ba, ita da take wanke kayan aikina a bayan gida da sanda, ba ta yarda ta taɓa su da hannu. Amma bayan Kawu ya tafi ta ce, "Baban Ummi, ka gaya masa mana. Mutane ne fa suke ci. Yara ne."

"Na gaya masa."

"Ka gaya masa ko ka yi masa gunaguni?"

Na yi mata tsawa na ce ta bar ni in ji da abu ɗaya. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi tsawar. Tsoro nake ji. Na san Kawu, in ya juya wa mutum baya ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. Akwai abokinsa na ƙuruciya da suka ɓata a kan raga, har aka binne mutumin Kawu bai taka ƙofarsa ba. In na hana shi kifin nan ba kifi na hana shi ba, mayar da shi kan tabarma na yi, kuma ba zai yafe min ba.

Haka na ci gaba da juye masa, ina tsinar kaina a zuci, har aiki ya kawo mu bakin kwatar mayanka. A nan ruwan ba baƙi ba ne, wani ja-ja ne mai kumfa, ƙudaje sun yi masa rumfa. Zurfi gare shi, don haka na sauke turaku na kafe, na zura hannun motar har ƙarshe na jawo. Na ji bokitin ya yi nauyi wani iri. Da ya fito sai ga mushen jaki, ya kumbura ya yi tim, gashin duk ya saɓule. Haƙorin bokiti ya huda cikin. Ina kallo cikin ya buɗe, sai ga tarwaɗa suna fitowa daga ciki, ba ɗaya ba ba biyu ba, suna zamewa a kan haƙarƙari, wata da guntun hanji a baki. A ciki suke zaune. Gidansu ne kuma abincinsu.

Ban san lokacin da na tura ƙofa na leƙa kai ba. Na yi amai a kan tanki har sai da na ga ɗaci. A can tudu kuwa sun hango wutsiyoyi suna motsi, suna ta ɗaga min hannu, muryar Kawu ta fi ta kowa: "Jatau, nan! Kawo nan!"

Na goge baki, na mayar da bokitin cikin ruwa na karkata shi na girgiza har kifin suka watse, sannan na kai mushen can nesa da mutane na juye, na ɗebo laka na binne shi na danne da bayan bokiti.

Daga ranar na canza hannu. Akwai yadda ake ɗebo laka kifi ya biyo, akwai yadda ake yi ya tsere. In ka cika bokiti ka naɗe bakinsa sama tun yana ƙasa ka ɗago da sauri, duk abin da ke ciki ya kamu. In kuwa ka tsaya da shi a ƙarƙashin ruwa, baki a karkace, ka ɗan girgiza, mai rai zai fice, laka ce kawai za ta zauna. Yana cin lokaci, manaja ya fara tsaki yana duba agogo, amma ban fasa ba. Ina kaiwa gindin kututture in juye a hankali kamar kullum, Kawu ya tona ya tona bai sami komai ba. Mutane suka ce kifi ya ƙare, suka fara raguwa. Na ɗauka na yi dabara.

Na manta da wa nake yi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta fuskar ruwa, shi zan ɓoye wa motsin kifi? Yana tsaye yana kallon inda bokiti yake nutsewa, yana ganin ruwa yana yamutsewa duk lokacin da na girgiza. Wata rana da hantsi, na matso wurin da ba zurfi, motar tana tsaye a kan taɓo, na ga ya ajiye daro. Ya yi min magana, ƙarar inji ta cinye. Na yi kamar ban gani ba. Sai kawai ya taka cikin fadamar ya nufo ni.

Ga abin da Agwagwa take yi wa mutane: suna ganin ƙaton ƙarfe a tsaye a kan taɓo sai su ɗauka wurin yana da ƙarfi. Kawu ya san ruwa, amma ruwan da ya sani mai yashi ne a ƙasa, ba wannan kunun ƙazantar ba. Takun farko ya kai gwiwa. Na danna oda, na kashe inji na fito kan tanki ina ihu, "Kawu, koma! Don Allah koma!"

"Kai kake sakin su!" ya ce, yana nuna ni da yatsa. "Ina ganinka! Ni za ka yi wa wayo? Ni?"

Ya sake jefa ƙafa, ya nutse har cinya. Ya yunƙura zai zaro ta, ɗayar ta bi. Kafin in ƙifta ido laka ta kai masa ƙugu, tana kuma ci gaba da ja a hankali. Na ga fushin fuskarsa ya koma wani abu dabam. Mutanen tudu suka hau salati, babu wanda ya matso, kuma gara da ba su matso ba.

Igiya ba za ta yi ba, in ka ja mutum daga irin wannan taɓon da ƙarfi sai ka tsinka shi. Hanya ɗaya ce. Na koma na tada inji, na kama sandunan tuƙi. Na kai bokitin bayansa da nisa, na nutsar da shi ƙasa sosai don haƙoran su wuce ƙarƙashin ƙafafunsa, na jawo kaɗan-kaɗan ina addu'ar da ban san na iya ba. Kuskuren taki ɗaya ya isa ya raba shi da ƙafa. Na naɗe bakin bokitin, na ɗago shi da lakar da komai. Ga Kawuna zaune a cikin bokiti, cikin ledoji da kunzugu, ya rungume haƙori ɗaya da hannu biyu, baƙin ruwa yana tsiyaya a ƙarƙashinsa. Na juya da shi sannu a sararin sama, duk gari yana kallo, na sauke a tudu na buɗe kaɗan-kaɗan ya zamo ƙasa.

Da ya miƙe babu wando. Taɓo ya riƙe shi. Rigarsa ce kawai ta manne masa a cinya.

Sai wani ɗan iska ya ce, "Yau kam bokiti ya kamo babba!" Sai dariya ta ɓarke. Mutanen da jiya suke cewa Baba ka haifi ɗa, su ne suke riƙe ciki, har da masu ɗaga waya suna ɗauka. Na ga ƙazanta iri-iri a aikin nan, amma ban ga abin da ya tayar min da zuciya kamar haƙoran mutanen nan ba. Na diro na cire rigar aikina zan ɗaura masa. Ya ture hannuna. Ya ja rigarsa ƙasa da hannu biyu, ya ratsa ta cikinsu ya tafi, laka tana ɗiga a bayansa, ko daronsa bai ɗauka ba.

Da na tashi aiki na je gidansa, maƙwabci ya ce Kawu ya ce a ce ba ya nan. Na koma washegari, haka. Bai sake zuwa fadama ba. Matata ta dafa abinci ta aika, aka dawo da kwanon yadda ya tafi. Ummi tana ta tambaya ina angonta. Ina cikin wannan hali ranar hutuna da la'asar maƙwabcin ya zo ya ce Kawu yana kirana.

Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya yi wanka ya sa farar riga. Gangar ƙyafe kifin tana gefe, wutar ta mutu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, har ya tambayi iyali. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga hannu.

"Ba maganar bokiti na kira ka ba. Ka tsamo ni, da ba ka yi ba da yanzu an yi bakwai ɗina. Wannan na gode." Ya jawo wani kwano ya buɗe. Ragowar kifin ne, ƙyafaffe, ya yi ja yana maiƙo. "Abu ɗaya nake so in sani. Abin da nake ci, nake ba mutane suna ci, kai ka fi ƙarfinsa ne?"

"Kawu, ba haka ba ne. Da ka ga abin da na gani..."

"Ban tambaye ka abin da ka gani ba. Da kifin ruwan nan na raine ka. Duk tsokar da ke jikinka daga nan ta fito. Yau kai ne kake kallona kamar na taka kashi." Muryarsa ta ɗan karye, ya yi gyaran murya. Ya sa yatsu ya ɓare tsoka daga gadon bayan kifin, ya zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi min ina ƙarami, ya miƙo min. "In ba ƙyamata kake ba, ci."

Na kalli tsokar. Fara ce tas, tana ƙamshin hayaƙi, wanda bai sani ba sai yawunsa ya tsinke. Ni kuwa haƙarƙarin jaki nake gani. Na kalli Kawu, na ga bai sauke hannun da ya miƙo ba. Na karɓa na ce bismilla na sa a baki.

Taushi gare ta da maiƙo. A ƙarƙashin gishiri da hayaƙi akwai wani ɗanɗano na laka da baƙin mai, wanda na sani sarai don kullum shi nake shaƙa.  Yawu ya cika min baki, idona ya kawo ruwa, cikina ya yunƙuro na danne shi. Na tauna, na tauna, na runtse ido na haɗiye. Ya miƙo wata, ita ma na haɗiye.

Kawu ya saki ajiyar zuciya. Fuskarsa ta warware, ya dafa kafaɗata ya girgiza. "Yawwa ɗana. Na san ba za ka ba ni kunya ba. Shaiɗan ne ya shiga tsakani." Har dariya ya yi, ya ce ai shi ma da ganganci, tsoho da shi ya kama kokawa da taɓo. Na ji wani sanyi a raina. Na ce a zuci, in dai wannan ne kuɗin, na biya.

Sai ya jawo takarda. Ya tona kwanon ya zaɓo guda biyu mafi ƙiba, ya naɗe su da kyau ya ɗaure da zare, ya miƙo min.

"Ungo, kai wa amaryata. Ka ce in ji angonta. Ka cire mata ƙaya fa, kar ka bar wa uwarta, ba ta iya ba."

Hannuna yana kan gwiwata. Na umarce shi ya tashi ya ƙi. Ai da na karɓa na jefar a hanya, wa zai sani? Amma gobe zai zo ya ɗauke ta ya tambaye ta ko ta ji daɗin kifi, jibi kuma ya zo da wani a aljihu ya sa mata a baki da hannunsa, ina tsaye.

"Kawu," na ce, "Ummi ba za ta ci ba."

"Ba ta son kifi ne?"

"Ba zan ba ta ba. Kuma ina roƙonka, kar ka ba ta."

Ƙullin yana nan a tsakaninmu, bai janye ba. 

"Amma kai ka ci."

"Na ci."

"To me ya sa ka ci?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa rasuwar da ya riga ya zata.

"Lallaɓa ni ka yi ke nan. Kamar mahaukaci." Ya ajiye ƙullin a kan tabarma. "Ni zan ba jikata abin da zai cuce ta. Haka ka ɗauke ni."

"Kawu, wallahi..."

"Tashi ka je. Iyalinka suna jira."

Na so in ƙara magana, ya juya fuska ga bango. Na tashi na sa takalmi. Ina fita zaure na ji takunsa a bayana, na tsaya na waiwaya da sauri, ina zaton kirana zai yi. Ƙofar ya turo. Tun ina yaro ban taɓa ganin an rufe ƙofar gidan nan da rana ba, har ta manta yadda ake yi, sai da ya sa kafaɗa. Na ji sakata ta shiga.

Na tsaya a bakin kwata na sunkuya, na zura yatsa a maƙogwaro don in fitar da abin da na haɗiya. Na yi kakari har hawaye suka zubo, masu wucewa suna kauce min. Kifin bai fito ba. Ya riga ya zauna.